Ina Da Cikin Wata Bakwai, Tari Ya Hana Ni Barci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim, ina da cikin wata bakwai, na uku ke nan. Yau kwana goma ina fama da tari. Da mura ya fara, murar ta tafi, shi ya zauna. Da rana da sauƙi, amma da na kwanta sai ya taso, har fitsari ya zubo mini, gefen marata ya ɗaure. Maigida ya karɓo mini maganin tari na ruwa da kafso a kemis, ban fara sha ba don ina tsoro. Uwar mijina ta ce beli ne, a kira wanzami. Ni fargabata kada tarin nan ya jijjige yaron ya fito lokaci bai yi ba. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sauke ki lafiya.

Ki kwantar da hankalinki kan abin da ya fi damun ki. Tari shi kaɗai ba ya fito da ɗa. Yaron yana cikin ruwa, ruwan yana cikin jaka, jakar tana cikin mahaifa mai kaurin tsoka, bakin mahaifar kuma a rufe yake. Girgizar da kike ji tana tsayawa ne a fatar ciki da haƙarƙari, kaɗan ce take isa gare shi. Abin da yake taɓa ciki abu biyu ne: ciwon da ya kawo tarin idan mai nauyi ne aka bar shi ya daɗe, da maganin da bai dace ba. Saboda haka kin yi daidai da ba ki buɗe kwalbar nan ba.

Ɗaurewar gefen mara kuwa, akwai jijiyoyi biyu da suka riƙe mahaifa ta dama da hagu suka gangara matse-matsi. Ciki yana girma suna miƙewa, tari kuma yana fizgar su farat ɗaya. Idan kin ji tarin zai taso, ki zauna, ki ɗan sunkuya gaba, ki tallafi ƙasan cikin da hannu biyu ko ki danna matashi a wurin. Idan a kwance kike, ki juya gefe ki naɗo gwiwoyinki. Irin wannan ciwon yana sakin ki da zarar tarin ya lafa. Wanda ba na tari ba shi ne idan cikin gaba ɗaya yana tauri yana saki, yana zuwa yana dawowa fiye da sau huɗu a awa guda ko ba ki yi tari ba, ga ciwon baya ko ƙugu yana tafe da shi. Wannan na iya zama naƙuda kafin lokaci, ba a kwana da shi a gida.

Fitsarin ma ba abin kunya ba ne, mata da yawa suna fama da shi, musamman daga ciki na biyu zuwa sama, domin mahaifa ta zauna a kan mafitsara, tsokar ƙasa kuma ta saki. Ki riƙa zagawa a kai a kai, kada ki jira ya matse ki. Ki koyi matse gabanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar a hankali, ki saki, sau goma, safe da rana da dare. Idan kin saba, ki riƙa matsewa daidai lokacin da tarin zai fito. Kada ki rage shan ruwa don gudun zubar fitsari, majinar ce za ta yi kauri tarin ya ƙaru. Abin da muke so ki tabbatar shi ne fitsarin ne, ba faya ce ta tsage ba. Ki yi fitsari tas, ki sa ƙyalle fari mai tsabta, ki kwanta rabin awa, sannan ki miƙe. Fitsari yana da zarni da ɗan launi, kuma sai an yi tari yake zubowa. Ruwan faya garau yake ko ya ɗan yi fari-fari, ba zarni, yana tsiyaya ko kina zaune shiru, ba ya riƙuwa. Idan kin ga haka, ko kina kokwanto, ki tafi asibiti a ranar.

Sai maganin kemis. Ki sa su a leda ki tafi da su wurin awo a duba, kafin nan kada ki sha. Yawancin maganin tari da mura haɗi ne na magani uku ko huɗu a kwalba ɗaya, wasu har da barasa a ciki. Akwai mai buɗe hanci da ake rubutawa Pseudoephedrine ko Phenylephrine a jikin kwalin. Aikinsa tsuke jijiyoyin jini, yana ɗaga hawan jini, mai ciki kuwa hawan jini shi ne ƙofar jijjiga. Akwai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi tun 2018, amma har yanzu ana samun sa a ɓoye. Yana ratsawa zuwa jinin ɗa, idan an saba shan sa jariri kan fito da raunin numfashi, ga kuka da makyarkyata. Tiramol ma haka. Kafso kuwa, tarin da ya biyo bayan mura ba ya jin sa, domin ƙwayar cutar mura ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce. Ko majina ta yi rawaya ko kore, wannan kaɗai bai zama dalilin shan sa ba. Mai ja da rawayan nan, Tetracycline, da ɗan'uwansa Doxycycline, suna shiga haƙori da ƙashin yaro, haƙoransa su fito da dafi-dafi wanda ba ya wankuwa. Ciprofloxacin ba na mai ciki ba ne. Septrin ba a haɗa shi da Fansidar ɗin da ake ba ku ƙwaya uku a wurin awo. Akwai masu aminci irin Amoxicillin, amma sai ma'aikacin lafiya ya saurari ƙirjinki ya ga akwai buƙata, kuma idan an rubuta a shanye adadin kwanakin.

Don ciwon kai, ciwon jiki ko zafin jiki, farasitamol ne naki. Ƙwaya biyu masu miligiram 500, tsakanin sha da sha awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana. Idan nauyinki a katin awo bai kai kilo 50 ba, ƙwaya ɗaya ta isa. Ki lura, magungunan mura da dama akwai farasitamol a cikinsu, idan aka haɗa su da Panadol an ninka ke nan, hanta ce take ji a jika. Ki nisanci Ibuprofen, Diclofenac, Feldene, Alabukun da duk haɗin ƙwayoyin “ciwon jiki” da ake ƙullawa a leda ba suna. Daga wata biyar zuwa sama irin waɗannan suna taɓa ƙodar ɗa, ruwan ciki ya ragu, a watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata hanyar jini kusa da zuciyarsa wadda ba ta kamata ta rufe ba sai an haife shi. Asfirin ma sai dai ƙaramin da likita yake rubuta wa masu haɗarin hawan jini. Wani abu kuma, idan kina shan maganin hawan jini tun kafin ciki, ki duba sunansa. Lisinopril da Captopril suna sa busasshen tari, kuma haramun ne ga mai ciki, a nuna wa likita ya canza da gaggawa.

Maganar beli, muna roƙon ki da maigida kada a yi. Inna ba ta nufe ki da komai ba sai alheri, abin da ta taso ta gani ke nan. Amma beli halitta ce, kowa yana da shi. Idan an yi kwanaki ana tari yakan kumbura ya yi ja, sai a leƙa a ce shi ne ciwon, alhali tarin ne ya kumbura shi. Yanke shi ga mai cikin wata bakwai asarar jini ce a lokacin da ake tattalin kowane ɗigo saboda haihuwa. Wani jinin ba ya tsayawa, wani ya gangara huhu. Ga ciwon da zai hana ki cin abinci kwanaki, ga haɗarin sandarewar haƙora, da ciwon hanta da sauran cututtukan da aska ke ɗauka daga wani zuwa wani. Ba sai kin yi musu da ita ba. Maigida ya same ta cikin ladabi ya ce malaman asibiti sun ce a dakata, za a je a duba. In da hali ku tafi tare da ita ranar awo ta ji da kunnenta.

Abin da za ki yi a gida mai sauƙi ne, kuma yana aiki ga tarin mura. Zuma cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a kofin ruwan ɗumi, a matsa rabin lemon tsami, sau uku a rana, na ƙarshe dab da kwanciya. Tana lulluɓe maƙogwaro ƙaiƙayin ya lafa. Idan an taɓa ce miki kina da ciwon suga, ki tambaya tukuna. Kuma kada a ɗauki wannan a ba jariri, ba a ba yaro zuma sai ya shekara. Ɗanyar citta kamar gaɓar yatsa, a daddaka a tafasa minti biyar a kofi biyu na ruwa, ya ishe ki yini. Ban da dafa-dukan kayan yaji, citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono a tukunya ɗaya, wannan ƙwannafi zai tayar miki, tarin ya ƙaru. Gishiri rabin cokalin shayi a kofin ruwan ɗumi, ki kuskure maƙogwaro ki zubar, sau uku ko huɗu a rana. Ruwan sha kofi takwas zuwa goma, kwatankwacin ledar fiya-wata guda huɗu zuwa biyar, kunu da romo suna cikin lissafi.

Sirace ya halatta, amma da tsurar ruwan zafi. A sauke tukunya, a juye a kwano, a bari ya ɗan huce, a ajiye a kan tebur ko turmin da aka kifa, ki rufe kanki kaɗai da zane, minti biyar zuwa goma. Kada ki lulluɓe jikinki duka da bargo a kan tafasasshiyar tukunya, mai ciki saurin jiri gare ta, faɗuwa kan ruwan zafi kuma ya fi tarin muni. Man zafi irin Robb a shafa a ƙirji, ba a lasa, ba a jefa shi a shayi, akwai kafur a ciki, kafur kuwa guba ne idan ya shiga ciki. Jiƙo, sassaƙe, ruwan ganyen darbejiya, tsimi da maganin masu lasifika a kasuwa, duk ki ajiye su. Ba su da ma'auni, wasunsu kuma suna murɗa mahaifa.

Yanzu ki dubi iskar da kike shaƙa, don sau da yawa ita ce take hana tari warkewa. Maƙogwaron da mura ta ɗaye, ƙura kaɗan ko hayaƙi kaɗan ya ishe shi. Idan da kara ko itace kike girki, a fito da murhu tsakar gida, ki zauna ta inda iska take fitowa don hayaƙin ya yi gaba. Itace ya zama busasshe, kada a hura wuta da leda ko tsohon takalmi. Mafi kyau, abokiyar zama ko wata ƙanwa ta karɓar miki girki na mako guda. Sussuka, shiƙa da kaɗe buhu ki bar su tukuna. A yayyafa ruwa kafin shara. Idan hazo ya sauko ki sa takunkumi ko ki rufe hanci da gefen mayafi. Turaren wuta a ɗaga masa ƙafa, maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya a fitar da su daga ɗaki, ki shiga gidan sauro. Sannan kaskon garwashi: kada a kwana da shi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, komai sanyin hunturu. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau, jinin ɗan ciki kuma ya fi na uwa riƙe ta. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon, a ƙara bargo.

Da kika ce da kin kwanta yake tasowa, wannan ya sa muna zargin ƙwannafi yana da hannu. Ciki yana sa bakin tumbi ya saki, mahaifa kuma tana turo shi sama, sai ruwan tsami ya hauro maƙogwaro idan an miƙe. Wata ba ta jin ƙuna a ƙirji ma, sai dai tari, dashewar murya da ɗaci a baki da safe. Ki ci tuwon dare da wuri, awa biyu zuwa uku kafin barci, kaɗan-kaɗan sau biyar ya fi cika ciki sau biyu. Ki rage mai da yaji da daddare. A sa bulo ɗai-ɗai a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, idan katifa ce a ƙasa a cusa naɗaɗɗen bargo a ƙarƙashinta daga kafaɗa zuwa sama, ki kwanta ta hagu. Kada ki jiƙa kanwa ki sha don ƙwannafi, gishirin da ke cikinta yana tara ruwa a jiki ya ɗaga hawan jini. A wurin awo za su ba ki farin maganin ruwa na ƙwannafi. Ki raba shi da ƙwayar ƙarin jini da awa biyu, don yana hana ta shiga jiki.

Ga inda muke so ki riƙe da kyau. Yau kwananki goma. Tarin mura yakan ja har mako uku, amma yana raguwa ne kullum. Idan ya cika kwana goma sha huɗu bai tafi ba, a gwada kakinki don tarin fuka, ko da kina jin ƙarfi. Idan kuwa akwai zufar dare mai jiƙa zane, zazzaɓin yamma, rashin son abinci, nauyinki ya tsaya ko yana raguwa a katin awo, jini a kaki, ko akwai mai tsohon tari a gidan, kada ki jira kwana huɗun nan. Ciki yana ɓoye wannan ciwon, don kasala da haki duk sai a ce laulayi ne. Gwajin kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke da sashen tarin fuka, maganin ma kyauta ne. Babban asibitin Ringim yana kusa da ke, ƙananan asibitoci da yawa kuma suna karɓar kaki su aika. Akwai layin kyauta na hukumar yaƙi da tarin fuka, 3340, za su faɗa muku wuri mafi kusa. Idan an ba ki 'yar robar gwaji, ki kuskure baki da ruwa, ki fita fili, ki ja dogon numfashi sau uku, ki kakaro daga ƙirji. Kamar cikin cokalin shayi ake so, kuma kaki, ba yawu ba, yawu ne yake sa a ce ba a ga komai ba alhali akwai.

Idan an same shi, ba ƙarshen duniya ba ne, ana warkewa sarai. Wata shida ake shan magani kullum, kuma magungunan matakin farko ba sa cutar da ciki, ana haɗa wa mai ciki da bitamin B6 saboda jijiyoyi. Fitsari zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, aikin maganin ne, ba jini ba ne. Ana ba jariri nono ko ana shan sa. Wanda ba a yi wa magani ba shi ne yake jawo bakwaini, ƙaramin jariri, da harbin jaririn da cutar bayan haihuwa. Inda ake samun matsala shi ne a ji sauƙi a wata na biyu a watsar, sai ciwon ya dawo ya ƙi jin magani. Idan likita ya ce a ɗauki hoton ƙirji, ki faɗa musu kina da ciki, za su kāre cikin, hasken da ake amfani da shi kaɗan ne ƙwarai. Mai asma kuma kada ta ajiye abin shaƙarta don tana da ciki, toshewar numfashin uwa ita ce haɗari ga ɗa.

Akwai alamun da ba a jira wa gari ya waye. Zazzaɓi mai zafi, ma'auni ya kai 38, ko rawar ɗari: a gwada jini don maleriya a saurari ƙirji don namoniya, wato ciwon huhu, kada a tsaya ga farasitamol, zazzaɓi yana tayar da naƙuda. Numfashi sama-sama kina zaune, har ba ki iya ƙarasa magana sai kin tsaya. Ciwon ƙirji mai suka idan kin ja numfashi, musamman in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Jini a kaki. Leɓe ko tafin hannu ya yi fari fat ko ya yi duhu. Maƙogwaro ya yi ciwo, wuya ya kumbura, an leƙa an ga wata fata toka-toka a ciki, wannan mashaƙo ne, wanda ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023, kuma allurar da ake yi muku a dantse wurin awo tana cikin rigakafinsa. Ta ɓangaren ciki: jini, tsiyayar ruwa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko motsin yaro ya ragu daga yadda kika saba.

Ɗaya kuma muna so ki san shi tun yanzu, domin ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da yawancin sassan duniya: raunin zuciya da ke kama mace a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Da tari yake sallama. Mace ta kwanta ta ji kamar an danne mata ƙirji, sai ta jera matasai ko ta kwana a zaune, ta farka tsakar dare tana neman iska, ƙafafu su kumbura har ƙwauri, kaki ya fito da kumfa, ɗan zuwa bakin rijiya ya sa ta haki. Ruwa ne yake taruwa a huhu don zuciya ta gaza tura jini. Zuma da maganin tari ba sa taɓa shi, asibiti mai likita ake nema, kuma idan an zo da wuri magani yana taimakawa sosai. Kunun kanwa mai yawa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi suna ƙara wa irin wannan zuciyar nauyi. Don haka ko bayan kin sauka, idan tari ya zo da haki da kumburi a cikin jego, kada a ce sanyi ne ya shige ki a ƙara wuta.

Saƙonmu ga maigida: Malam, kada a jira ranar awo ta zagayo idan da saura, a kai ta cikin kwana biyun nan da katinta da ledar magungunan. A roƙa a auna hawan jini, a duba yawan jininta, a saurari ƙirji da bugun zuciyar yaro. A ajiye lambar direba biyu a waya, har da na motar Haihuwa Lafiya mai kai masu ciki asibiti idan garinku yana da ita, da kuɗin mai a gefe. Duk wanda yake tari a gidan sama da mako biyu, babba ko yaro, ko almajirin da yake kwana a zaure, a tafi da shi a gwada shi rana ɗaya da ita.